Idan Kasuwa Ta Karɓe Ranar Biki

A shekarar 1939 Shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, ya matsar da ranar biki sukutum saboda 'yan kasuwa. Amurkawa na da wata rana da suke kira Thanksgiving, ranar da iyali ke haɗuwa a ci abinci a yi godiya ga Allah, kuma tun zamanin Abraham Lincoln har zuwa lokacin ana yin ta ne a Alhamis ta ƙarshe a watan Nuwamba. A waccan shekarar Nuwamba ta zo da Alhamis biyar, ta ƙarshen ta faɗo ranar 30 ga wata. Al'adar ƙasar kuwa a lokacin ita ce ba a shiga cinikin Kirsimeti gadan-gadan sai wannan biki ya wuce. Masu manyan kantuna suka yi lissafi suka ga kwanakin ciniki sun yi musu kaɗan, ga shi ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arziki ba. Suka kai kukansu fadar shugaban ƙasa, shi kuma ya jawo bikin baya da mako guda, zuwa 23 ga wata. Jihohi suka rabu, wasu suka bi sabuwar ranar, wasu suka kafe a kan tsohuwar, sai a 1941 majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da magana a kan Alhamis ta huɗu.

Na fara da wannan labari ne don a ga cewa mamayar da kasuwa ke yi wa ranakun biki aiki ne da ake zama a tsara. Kantin Macy's na birnin New York ya soma faretinsa na shekara-shekara a 1924, faretin da ke sanar da jama'a cewa lokacin sayayya ya kama. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya riƙa buga tallansa da hoton dattijon nan na Kirsimeti mai jar riga da farin gemu, har hoton ya zauna daram a zukatan yara a faɗin duniya. Barewar nan mai jan hanci da yaran Turawa ke ƙauna, wani ma'aikacin kantin Montgomery Ward ne a Chicago ya ƙirƙiro ta a 1939, a cikin ɗan littafin da kantin ya riƙa raba wa yaran masu sayayya kyauta. Sannu a hankali ranar da Kiristoci suka keɓe don tunawa da haihuwar Annabi Isa (AS) ta zama lokacin da kantuna da yawa ke dogara da shi wajen cike ribarsu ta shekara. Shugabannin addinin da kansu sun daɗe suna kokawa. Fafaroma Francis ya sha yin gargaɗi a huɗubobinsa na Kirsimeti a kan yadda son tara kaya ya danne ma'anar ranar.

Juma'ar da ke bin Thanksgiving ita ce Black Friday, ranar da kantuna ke shelar sun karya farashi. A ranar 28 ga Nuwamba, 2008, tun da duhun asuba mutane kusan 2,000 suka yi cincirindo a ƙofar wani kantin Walmart da ke Valley Stream a jihar New York. Da lokacin buɗewa ya gabato suka danno, ƙofar gilashi ta ɓalle, suka bi ta kan wani ma'aikacin wucin gadi ɗan shekara 34 suka tattake shi har ya rasu. Ba yunwa ce ta fito da su ba, ba kuma rabon tallafi ake yi ba. Talabijin da kayan wasan yara suka zo saya a kan rangwame.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, me ya haɗa mu da ita? Abin da ya haɗa mu yana cikin aljihunmu. A 2005 ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙirƙiro Cyber Monday domin cinikin intanet. A 2009 kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya mai da 11 ga Nuwamba ranar sayayya, ta girma har ta zarce ta Amurkawan. A 2014 kamfanin Souq ya kai al'adar ƙasashen Larabawa da sunan White Friday, don kada a haɗa Juma'a da baƙi. A Najeriya kuma Jumia da Konga sun shigo da ita, har ta tashi daga kwana ɗaya ta koma makonni. Mu da ba mu da Thanksgiving, ba mu san ma dalilin ranar ba, mun gaji rangwamenta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dabarun da aka gwada aka tabbatar suna aiki a can, yau su ake amfani da su a kanmu daga tsakiyar Sha'aban har zuwa jajiberin sallah.

Kada a fahimce ni a baibai. Yin ado ranar Idi abu ne da addini ya so, kuma farin cikin yaro da sabon ɗinki ba abin wasa ba ne. Tela da mai ɗinkin hula, mai bugu, mai ƙunshi da kitso, 'yan dako a Kantin Kwari, makiyayin da ya yi wata shida yana turke rago, dukkansu da wannan lokaci suke rufa wa kansu asiri. Kano gari ne da ciniki ya gina, ba wanda zai zo ya ce a daina saye da sayarwa. Damuwata tana kan iyakar da ke tsakanin mutum ya sayi abin da ya yi niyya da kuma a sa shi ya sayi abin da bai yi niyya ba, da kuɗin da ba shi da su.

Akwai abubuwa biyu a nan da ya kamata a raba. Na farko matsin lokacin biki ne, wanda kusan kowa ke ji. Na biyu ciwo ne na gaske, wanda ke kama wasu mutane, lokacin bikin kuma ya zame musu mafaka.

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Jamus, Emil Kraepelin, ya bayyana wannan ciwo na jarabar sayayya tun a 1915, kafin a san katin banki ko intanet. A 2006 wata tawaga a Jami'ar Stanford ƙarƙashin Lorrin Koran ta tambayi manya sama da 2,500 a Amurka, ta gano kusan kashi 6 cikin 100 na da alamun ciwon. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne maza da mata sun yi kusan kunnen doki. Wannan ya dace a faɗa da babbar murya a wajenmu, inda da an ambaci ɓarnar kuɗi sai a waiga wajen mata. Magidancin da ke sauya waya duk bayan 'yan watanni, ko wanda ya tara agogo da turare da huluna da ba ya sakawa alhali ana bin sa kuɗin makaranta, shi ma yana cikin lissafi. Bambancin kawai shi ne nasa ana kiran sa sha'awa.

Ciwon yana da tsarin da yake bi. Mutum zai ji ƙunci ko kaɗaici ko ɓacin rai, sai tunanin wani kaya ya shiga ransa ya hana shi sakat. Yana duba hoton, yana sake dubawa, zuciyarsa na ɗoki. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sinadarin dofamin, wanda ke ingiza mutum neman abu, ya fi motsawa a lokacin ɗoki da jira fiye da bayan an samu. Shi ya sa daɗin yake ƙarewa kusan da zarar an biya. Kafin kayan su iso gida nadama ta riga su isowa. Daga nan sai ɓoyo, sai ƙarya a kan farashi, sai ƙuncin ya dawo fiye da na farko, maganin da mutum ya sani kuma shi ne ya sake saye.

Idan kana son ganin abin da idonka, ka dubi akwatin da ke saman sif ko ƙarƙashin gado a wasu gidajenmu. Turamen atamfa ne jere, takardar kamfani na manne ba a ɓare ba. Leshi a ledarsa, mayafai kala-kala da ba a taɓa warware su ba, takalma biyu iri ɗaya don an manta an sayi na farko. Mai kayan ba ta ɗinka ba, ba ta sayar ba, ba ta bayar ba, kuma ba ta son kowa ya buɗe. Idan ɗan aike ya kawo sabon saƙo sai ta ce wa yarinyarta, "Karɓo ki kai ɗakina, kar Babanku ya gani." Idan maigidan ya yi kiciɓis da kayan ya tambaya, amsar a shirye take: "Ai tsoho ne, Yaya ce ta ba ni tun bara." Wannan baiwar Allah ba muguwa ba ce. Sau da yawa za ka tarar tana ɗauke da wani nauyi a zuciya da ba ta da wanda za ta sauke wa. A sauran watanni tana jin kunyar abin da take yi, amma da azumi ya kama, kowa na saye, sai nata ya ɓace a cikin na jama'a, ba mai tambaya.

A da dillaliya ce ke shigowa gida da ƙunshinta. Ta zauna a tabarma, a kwance kaya, a taya, a yi ja-in-ja, ta ɗaure ta tafi. Idan ba ki saya ba, sai wani makon. Tsakanin zuwanta da dawowarta akwai kwanakin da sha'awa ke hucewa. Yanzu ƙunshin yana cikin waya kuma ba a ɗaure shi. Da ƙarfe biyun dare, bayan an dawo daga tahajjudi, hotuna na nan suna jira a WhatsApp da Instagram da TikTok. Manhajojin nan kuma suna lura da abin da idonka ya daɗe a kai, gobe su ƙaro maka irinsa.

Dabarun ba su da yawa, amma suna ci. Babbar cikinsu ita ce gaggawa: "saura biyu", "yau kaɗai", "gobe farashi zai tashi", ko agogon da ke ƙirga mintoci a saman shafi. Manufar ita ce kada a ba ka sararin yin tunani ko shawara da wani. Sai kuma tsohon farashi da aka ja wa layi aka rubuta sabo a ƙasa, don hankalinka ya koma kan abin da ka "rage" ya bar abin da ka kashe. Ƙungiyar kare masu sayayya ta Birtaniya mai suna Which? ta yi shekaru tana bin farashin kayan da ake tallatawa a Black Friday, watanni kafin ranar da watanni bayanta, kuma abin da take samu a kai a kai shi ne mafi yawansu ana samun su a wannan farashi ko ƙasa da shi a wasu lokutan shekara.

Dabara ta uku ita ta fi shafar mu a yau, wato cire zafin biya. Wasu malamai biyu a jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando, suka ce wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu kuma da katin bashi. Sakamakon da suka wallafa a 2001 ya nuna masu kati sun taya kusan ninki biyu. Duk wanda ya taɓa ƙirga 'yan dubu-dubu hamsin da hannunsa ya miƙa ya san yadda rabuwa da su ke sosa rai. Tiransifa ba ta sosa komai, lambobi huɗu ne ka danna. A kan wannan aka ɗora "biya kaɗan-kaɗan", da "ɗauki kawai Hajiya, bayan sallah ma yi magana".

Duk wannan ba zai kama mu haka ba in da bai tarar da abin da muke da shi tun asali ba: tsoron a raina mu. Ba'amurke yakan yi sayayyar Kirsimeti ne don ba da kyauta. Tamu ta sallah ta fi karkata ga fita kunya. Idan maƙwabci ya ɗinka wa 'ya'yansa kala uku, kala ɗaya ta zama abin gori. Inda akwai kishiyoyi ko facaloli, kowane turmi sai an auna shi da na ɗakin can. Anko, wanda aka san shi da bikin aure, yanzu ya shigo sallah, na dangi daban, na ƙawaye daban, na 'yan ajinmu daban, kuma wadda ta ce ba ta da hali sai a ga kamar ta yanke zumunci. Saurayi na jiran ya kai kayan toshi da za a ɗauka a hoto. Yaro ɗan shekara goma ya san sunan shadda, ya san wadda ake kira Getzner da wadda ba ita ba.

A sa wannan a gefen halin da ake ciki. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Magidanci mai 'ya'ya shida da mata ɗaya, in zai bi abin da unguwa ke tsammani, albashin wata biyu ba zai fitar da shi ba, ga cefanen azumi bai gama warkewa daga shi ba. To daga ina cikon zai fito? Daga adashin da aka ɗauka tun kwasa ba ta zo ba, daga ɗan kunnen gwal da aka kai kasuwa, daga buhun masarar da aka ajiye don damina, ko daga manhajojin ba da bashi a waya. Waɗannan na ƙarshen sun jefa mutane da yawa cikin tozarci: kuɗin ruwa mai nauyi, wa'adin kwanaki ƙalilan, in ka gaza kuma a tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayarka, har surukai. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Mutum ya ci bashi don kada unguwa ta raina shi, ƙarshe aka kai sunansa gaban wanda ya fi jin kunya.

Ragon layya ya fi ba ni tausayi, domin a nan ibada ce kanta aka mayar gasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai taɓa larurorinsa ba. Dabba ɗaya ta wadatar wa mutum da iyalinsa a lada, kuma tunkiya da akuya duk suna yi. Amma ka ga mutum yana zagaya kara da gumi a goshi, yana neman mai manyan ƙahoni don za a ɗaure shi a ƙofar gida. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a wurare da dama, a Suratul Furƙan kuma ya yabi masu tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi. A watan Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya nemi al'ummarsa su haƙura da layya a shekarar, saboda fari ya rage dabbobi, farashi kuma ya fi ƙarfin talaka. Mahaifinsa, Sarki Hassan na Biyu, ya taɓa yin haka har sau uku. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, ya cire wa miliyoyin magidanta kunyar da ba su iya cire wa kansu. Ina ganin malamanmu masu tafsiri da limaman Juma'a za su iya yin irin wannan sauƙi da baki kawai, idan suka riƙa faɗa ƙarara, tun da sauran lokaci, cewa wanda ya wanke tsohuwar rigarsa ya tafi Idi bai rasa komai ba.

Ga mai son kare kansa daga matsin lokacin, abin da ya fi amfani shi ne a riga kasuwa yanke hukunci. A zauna da iyali tun kafin azumi, a faɗi adadin kuɗin da ke akwai ba tare da ɓoye-ɓoye ba, a rubuta abin da za a saya, har zakkar fidda kai da goron sallar yara a sa su a lissafi. Yaran da suka yi wayo a sa su a zaman, sun fi fahimta fiye da yadda muke zato. A shiga kasuwa da takardar da kuma tsabar kuɗin da aka ware. Duk abin da ya burge ka a waya, ka bar shi ya kwana biyu, in har yanzu kana buƙatarsa yana nan, in ma ya ƙare wani zai zo. Masu tallan da hotunansu ke tayar maka da hankali, ka toshe su har sallah ta wuce. A cikin dangi kuma a samu babba ɗaya, gwaggo ko yaya, da za ta ce bana ba anko, domin ƙananan ba za su iya faɗa ba.

Wanda abin ya zame wa ciwo kuwa, wannan shawara ba za ta ishe shi ba, kuma faɗa da gori ƙara tura shi suke yi cikin ɓoyo. Alamomin da za a lura da su su ne sayen abin da ba a amfani da shi, ɓoye kaya ko farashinsu, bashi a wurare da yawa da iyali ba su sani ba, da alƙawarin dainawa da ake ta karyawa. Sau da yawa ciwon na tafiya tare da ciwon damuwa ko fargaba. Wani lokaci kuma kashe kuɗi ba kai ba gindi, tare da rashin barci da yawan surutu, alama ce ta wata larurar ƙwaƙwalwa daban mai buƙatar magani da wuri. Har wasu magungunan ciwon karkarwar jiki na Parkinson an tabbatar suna jawo wa wasu wannan hali, don haka dattijon da ya soma shi kwatsam bayan sauya magani a sanar da likitansa.

Hanyar da ta fi nuna amfani zuwa yanzu ita ce zama da masanin halayyar ɗan'adam, a bi diddigin abin da ke tayar da sha'awar, a koya wa mutum wata hanyar sauke ƙuncinsa, a kuma yi maganin damuwar in akwai ta. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A gida kuma, miji ko mata ko ɗan'uwa na iya riƙe katin banki na wani lokaci da yardar mai shi, a zauna a rubuta duk basussukan a takarda ɗaya, a je wa masu bin bashin tare a tsara yadda za a biya. Makonni biyun da ke bin sallah, lokacin da masu kaya ke fara kiran waya, su ne lokacin da mai wannan ciwo ya fi buƙatar a yi masa magana a keɓe, cikin mutunci.